Hoton kakan Rima a jikin kwalba

"Kakana ne wannan!"

Haka Rima, 'yar Lebanon da muke aikin jinya tare a nan Doha, ta faɗa jiya muna cin abincin Kirsimeti a otal. Kwalbar ruwan inabi aka zo wucewa da ita, da hoton wani tsoho mai gashin baki a jiki.

Na ce, "Ashe ke 'yar manya ce! Yalla, maza a kawo mana."

Ta riƙe mini hannu. "A'a, Sista Naomi. Wani babban kamfani ya saye sunan gidanmu, har da fuskar tsohon. Ko ƙwayar inabin gonarmu babu a ciki. Babana na can ƙauye yana matsa nasa, amma ba shi da ikon sa sunan ubansa a kwalbarsa."

Duk da haka sai da ta roƙa aka miƙo mata kwalbar. Ta goge hoton da gefen gyalenta, ta mayar.

Sai na tuna kakata a Pankshin. Ba mai shan burkutunta bai fara gaishe ta ba.

Ku fa, abin da kuke saya, kun san hannun wa ya yi shi?