Sharar da Aka Yi wa Lambun Inna Turai

Inna Turai ba 'yar Rimawa ba ce. Daga wani ƙauye ta zo can bayan Rara, shekarar da 'yan bindiga suka tashe su. Kowa ya ɗauko tukunya da tabarma, ita kuwa ta ƙullo saiwoyi da 'ya'yan itatuwa a bakin zane. Mun yi mata dariya a lokacin, har da ni.

Wani kangon fili ta roƙa a bayan makaranta, ta dasa jiga da anza da tsada, ta shuka yaɗiya da gasaya da wasu hakukuwan da ko sunansu ba mu taɓa ji ba. Dajin da ta samo su yanzu ba mai shigarsa ya fito. Sannu a hankali mu mata muka riƙa zagaye ta, tana nuna mana wanda ake kwaɗo da shi, da na mai jego, da wanda ke kashe akuya. Haka ƙungiyarmu ta kafu, ba mu da ko sisi, ruwan ma a kai muke ɗaukowa.

Maganar rubutu da neman taimako sai muka ba Abdulƙadiri, wani malamin makaranta mai zafin nama. Bakin gwargwado ya yi ƙoƙari. A ƙarshen damina sai ya zo yana washe baki, wai wata ƙungiya daga birni za ta zo ganin lambu, ƙila a samu injin ban ruwa.

To, mu nan ba a tarbar baƙo da ƙazanta, ko liman ne zai zo sai an share ƙofar gida. Ana gobe za su iso, Inna Turai tana asibitin Goronyo wajen ƙanwarta, Abdulƙadiri ya kwaso majiya ƙarfi da fartanya da gatari. Duk abin da bai kai gwiwa ba suka ce ciyawa ce. Suka tone har saiwa, suka tara, suka cinna wuta. Sannan aka jera duwatsu aka shafa musu farar ƙasa, aka kafa dogon yaro a layi. Dogon yaro, don Allah! Abin da ko a bakin kwata fitowa yake.

Da safe Inna Turai ta iso ta tsaya a bakin filin.

"Malam, mi kunka yi nan?"

"Gyara munka yi, Inna. Baƙi na tahe."

"Tsirran nan ba su ko yi ɗiya ba, Malam. Jira nike su ƙosa in ɗebi iri."

Baƙin suka zo, suka yaba tsabta, suka ɗauki hoto da duwatsun. Wata a cikinsu ta ce a kira tsohuwar ta nuna musu tsirran gargajiya. Abdulƙadiri ya hau kame-kame. Ni dai takaici ya hana ni cin shinkafar da aka dafa musu.

Injin bai zo ba. Da ruwa ya sauka bana, Inna Turai ta riƙa zuwa kowace safiya tana duƙawa, tana tona ƙasa da ɗan yatsa ko wani abu ya tsira. Ƙarangiya ce kaɗai ta fito.