Illo da kabaren aduwarsa

In dawa ta fara nuna, da asuba Illo na cikin gona yana jan igiyar gwangwanaye, yana korar kabare. Gonarsa da tawa iyaka ɗaya ce, a bayan Kwaya, kusa da tabki. A kan iyakar akwai aduwa, tasa ce, kuma a kanta tsuntsayen suka yi gari.

Kowane reshe sheƙa ce ke lilo, bakinta na kallon ƙasa. Namijin, mai baƙin kai da jan ido da rawayan jiki, shi ke saƙa ta da ɗanyar ciyawa. In ya gama sai ya rataya a ƙarƙashinta yana kaɗa fukafukai. Macen ta leƙa, in ba ta so ba ya warware ya soma wata. Illo ma da rani saƙar zana yake yi, ko ita ce ta haɗa su, ban sani ba.

Bara kabaren suka far wa dawata. Na ce, "Illo, a sare itacen nan, ko in rasa abin kaiwa rumbu."

Ya ce, "To Zubairu, a sare."

Da na zo da gatari, sai na tarar da shi a kan aduwar, ƙaya ta yayyage masa hannu, yana ɗaure wata sheƙa da iska ta yar.

"Ba kai ke korarsu da asuba ba?"

"Ni ne."

"To wannan fa?"

"Da 'ya'ya a ciki."

"Ai su za su ci dawar baɗi."

"Su ne kam," in ji shi, ya ci gaba da ɗauri.

Na tambayi matarsa Ƙande, ta ce ita ta daina tambaya tun tana amarya. Na koma gida da gatarina, na ce masa in dawata ta ƙare, gun mai gari za mu.

Ni magana ba ta cika mini ciki, ga shi ya ce a sare ba a sare ba, don haka ban sa ran komai ba. Washegari da na iso gona, gwangwanayensa duk sun dawo cikin gonata, ya kafa sanduna ya ja igiya har ƙarshe. Shi kuma yana tsaye a tsakiyar dawata yana kora. Kabaren suka tashi duu, suka tsallaka iyaka, suka sauka a kan tasa.

Na nuna masa. Ya waiga ya duba su, ya gyara tsayuwa, ya sake jan igiyar.