Wayar Baba ta san hanya

Babana ya tsufa amma ya ƙi rabuwa da babur. Tunda hawan jini ya taɓa kayar da shi a gona, na rasa sukuni. Ina aiki a asibitin Tambuwal, shi kuwa sai ya tsallake ya nufi gonarsa ta wajen Fakku, ba sallama.

Na sa masa wata manhaja a waya. Ba ta cin caji, domin ba taswira take kunnawa ba, girgizar babur da kwanonin hanya take ji har ta haddace hanyoyin da mutum ya saba bi. In ya kauce, sai ta turo min saƙo.

Wayyo ni! Makon farko wayata ba ta huta ba. Baba ba ya wuce gidan rasuwa, ba ya wuce suna, in ya ga tsohuwa da kaya sai ya kai ta har ƙofar gida. Ina tsakiyar allura saƙo zai shigo, in kira hankali a tashe, ya ce, "Gaisuwa nika yi, ke mi ya same ki?" Har na fara jin haushin masu haihuwa.

Kwatsam sai shiru. Kullum hanya ɗaya, Tambuwal zuwa Kebbe, a dawo lafiya. Na ce alhamdulillahi, tsoho ya nutsu.

Ashe an yi min sakiyar da ba ruwa. Wata ranar kasuwa na hau kabu-kabu, na kira lambar Baba, sai na ji ƙarar wayar Baba a aljihun mai babur ɗin. Ya ce ai kullum da safe Baba ke ba shi ita, ya mayar masa da ita da yamma.

Na isa gida raina a ɓace. Na tarar da shi yana goge babur.

"Baba, wannan wane irin abu ne? Don lafiyarku fa na yi!"

Bai ɗago ba. Na yi ta faɗa har na gaji, sannan ya ajiye tsumman.

"Ɗiyata, ran nan na kai mararrabar gona, na tsaya ban san inda za ni bi ba. Sai da na yi ta zagaye." Ya shafa sirdin babur ɗin. "In abin ga ya gaya miki, makulli za ki amshe."

Makullin yana jikin babur, kusa da hannuna. Na kasa miƙa hannun.