Saƙon Inna ga ɗan farinta

A bayan gidanmu na Nukkai akwai fadama. Wata shekara, da damina ta ja baya, wasu masu binciken tsuntsaye suka kafa raga mai laushi a cikin ciyawa, suka rataye 'yar sifika tana ta kuka tun asuba. Ni fa ba mai fita ba ce, amma kunnena ba ya barci. Na ce wa surukata, wadda idonta ya riga ya tafi, "Inna, wannan tsuntsu ba ya numfashi. Kuka ɗaya yake ta maimaitawa."

Ta ce in je in gano mata.

Da na je, wata budurwa a cikinsu ta ciro tsuntsu ɗaya daga raga ta ɗora mini a tafin hannu, ɗan mitsitsi, ƙirjinsa na bugawa. Ta sa masa zobe a ƙafa, ta sake shi. Ta ce tsuntsayen daga ƙasar Turawa suke zuwa, kukan sifikar kuma na garinsu ne. In sun ji muryar gida sai su sauko.

Na dawo na kawo wa Inna labari. Ɗan farinta, yayan maigidana, ya kora shanu ya tsallaka Kamaru da jimawa. Waya yana yi wa ƙaninsa, zuwa ne dai babu.

Inna ta kira ni da Fulatanci, "Ɓingel am, 'yata, wayarki tana ɗaukar murya?"

"Tana ɗauka, Inna."

Na gane wanda take nufi, na danna, na kai mata bakinta. Na ce, "Kira shi da sunansa, ki ce ya zo."

To, Bafulatana ba ta faɗin sunan ɗan fari. Tun da ta haife shi sunan bai taɓa fita daga bakinta ba, ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Ta gyara mayafi, ta yi gyaran murya, ina jin sifikar nan tana ta yi a fadama.

Can ta ce, "Shanu lafiya?" Ta ture hannuna.

Haka na tura. Ya amsa da yamma, yana dariya, ya ce shanu lafiya lau, a gaishe ta, sai ya samu sarari.

Kafin ruwan sabuwar shekara ya sauka muka binne ta. Ya iso ranar sadakar uku. Ya roƙe ni in sake kunna masa saƙon, ya manna wayar a kunne, yana sauraron dogon shirun da ke gaban maganar.