'Yar Tayar Goshin Jirgina

Ni masunci ne. Jirgi ɗaya gare ni, kwalekwalen katako, a dam ɗin da ke kusa da Daura. Da shi nake ci da gidana. Angar da nake jefawa ruwa in tsayar da jirgin dutse ce mai huda, ɗaure da igiya. Kullum in na ja ta, igiyar sai ta goge goshin jirgin, har ta yi masa kwari. Na ga in na bari, katakon zai tsage.

Shekara biyu bayan an kawo shari'a, na je wurin taubashina, ɗan kawuna, mai walda a Sandamu. Na ce ya yi mini 'yar taya ta ƙarfe da igiya za ta riƙa bi ta kai. Na ce kwarinta ya yi zurfi, ya kuma sa mata kunnuwa biyu a gefe don su tare igiya.

Ya ce, "Kai bawana, kifi ka sani. Na yi wa rijiyoyin Baure irinta sun fi a ƙirga."

Na ce, "Rijiya ba ta juyawa. Jirgi yana juyawa."

Ya yi dariya. Ya yi mini irin ta rijiya, babu kunnuwa. Na karɓa, na kafa ta a goshin jirgi. Wannan wautata ce.

Igiyar guga a miƙe take sauka. Ta jirgi kuwa iska ke kai ta hagu da dama. Ranar wata Laraba da la'asar hadari ya taso ina tsakiyar ruwa. Na fara jan anga, jirgi ya juya, igiya ta zame daga kan taya ta maƙale tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Ba gaba, ba baya. Kafin in zaro wuƙa, ƙarfen ya ɓalle da katakon goshin gaba ɗaya. Da kwasar ruwa da ƙwarya na kai gaɓa.

Na kai masa ƙarfen da katakon manne a jiki. Ya duba ya ce, "To ai tayata ba ta karye ba, jirginka ne ruɓaɓɓe."

Mutane suka ce in kai shi gaban alƙali. Ban kai ba. Uwata ce za ta sha kunyar.

Wata guda ban shiga ruwa ba, a tsakiyar damina, lokacin kifi. Na gyara goshin, na sassaƙa taya da icen kirya, kwari mai zurfi, kunnuwa biyu. Tana nan har yau.

Tasa na ba rijiyar unguwa. Tana aiki lafiya. Ni dai ban ƙara yi masa wasa ba, sai gaisuwa.