Ƙafar Hama Mai Kirezil

A kasuwar dabbobi ta Gaya, cikin jihar Doso, tun kafin ka ga Hama hancinka ya shaida maka yana nan. Warin kirezil ya kama rigarsa da gemunsa, har ƴarsa Latifa takan ce tuwon gidansu ma warin yake. Baƙin ruwan nan da ake zubawa a masai, shi ne sana'arsa. Da kamiyo, wato babbar mota, ya sauke shanu, Hama ya haye da tsintsiya, ya juye kirezil murfin kwalba guda cikin bokitin ruwa, ruwa ya koma fari kamar madara, ya wanke mota tas kafin ta ɗauki albasa. Jaki ko sa mai gyambo kuwa, tsurarsa yake dangwala masa da auduga, tsutsa ta fito tana murɗawa.

Ran wata kasuwa ƙusa ta huda masa tafin ƙafa. Ƙafa ta kumbura, hawan mota ya gagara, ga shi da hawan yake ciyar da gida. Matarsa Zalika ta ce ya tafi likita.

"Abin da ya warkar da shanun garuruwan Yelu da Karakara, ni ne zai ƙi?"

"Baban Latifa, kai fa ba sa ba ne."

"Nama ai nama ne."

Ya tsiyaya tsurarsa a raunin. Zafi ya tashi kamar an ɗora garwashi, can kuma ya lafa sarai. Ya ɗaure da tsumma, ya naɗe da leda don kada ruwan wanki ya shiga, ya koma aiki. Kullum safe sai ya ƙara.

"Likitan jakuna, an warke?" in ji Safiyanu direba.

Hama ya buga ƙafar a ƙarfen mota. "Ko tayarka ta bi ta kai, ba na ji!"

Aka yi ta dariya.

Zalika ce ta fara jin wani wari ƙarƙashin na kirezil. Ta matsa masa ya kwance ledar. Yatsun sun yi baƙi ƙirin.

Aka kai shi likita, majo, wato babban malamin jinya, ya duba ƙafar. Sannan ya ce, "Baba, abin da ke cikin ruwan nan dangin fenol ne. Ƙona ƙwayar cuta yake, kuma bai san bambancinta da namanka ba. Jijiya ya fara kashewa, shi ya sa ka daina jin zafi. Ledar kuma ta tsare shi a ciki."

A Doso aka yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa.

Yanzu Hama yana bakin kasuwa kan tabarma, yana ɗura kirezil a ƙananan kwalabe. Wani ne ke hawa motocin. Duk wanda ya zo saye da tsumma ɗaure a jiki, Hama ba ya miƙa kwalba, sai ya ɗaga ƙafar wandonsa ya nuna masa. Zafin kuwa ya dawo. Yakan ce tafin ƙafar nan da aka binne a Doso, shi ke masa zugi.