Masu Neman Autanmu

Tun ina yarinya an san ni da saurin fushi, kuma koyarwa a Kafanchan ba ta rage mini komai ba. Shi ya sa ranar da wani ya kira ni ina tsakiyar aji ya ce ƙanena ɓarawo ne, ban bari ya kai aya ba, na wanke shi tas na kashe wayata.

Ƙanen nan shi ne autanmu. Shekarar da citta ta ruɓe masa a gona, ya ci bashi ta waya, irin wanda ake danne-danne sai kuɗi su shigo. Da biya ya gagara, ya ce zai je acaɓa wajen Abuja. Wani ya ce ya gan shi a tashar Kagarko, daga nan layinsa ya daina shiga. Masu bashin suka kwashe lambobin da ke wayarsa, suka bi mu ɗaya bayan ɗaya. Ko faston ƙauyenmu bai tsira ba.

Kowa ya toshe lambarsu, ban da Mama.

Wata Asabar na je gida, can gaba da Zonkwa, na tarar da ita tana ɓarar gyaɗa. Wayar ta yi ƙara. Ta goge hannu a zani ta ɗauka da ladabi, kamar baƙo ya yi sallama.

"Sannu yarona. Ka kwana lafiya? Yaya aiki?"

Daga inda nake ina jin ihun mai karɓar bashin da Turanci. Mama ba ta jin Turanci, sunan auta kawai take tsinta a ciki.

"Ba ku gan shi ba har yanzu? To, ku ci gaba da nema. Ubangiji ya ba ku ƙarfi."

Na ce, "Mama, zaginki fa yake yi."

"Bar shi, aikin shi ne. Yaron nan yana neman ɗan'uwanki safe da yamma. Ke sau nawa kin neme shi?"

Maganar ta yi mini zafi. Wanda ke cin mutuncinmu shi ake sa wa albarka, ni da na biya kuɗin mota na zo nake shan faɗa.

Akwai wani lauya a cocinmu na Kafanchan. Bayan sujada na tare shi na zayyana masa komai. Ya ce tunda Mama ba ita ta ci bashin ba, ba ta kuma tsaya wa kowa ba, ba su da hurumin damunta, balle zagi. A gaya musu a rubuce su daina, in sun ƙi a kai ƙara hukumar da ke kare haƙƙin masu saye. Na yi duka biyun, da zafina. Kiran ya fara ja baya, har ya ɗauke ɗif. Na ji daɗi ƙwarai, sai da duk malaman makarantarmu suka gaji da labarin.

Lokacin bikin godiyar kaka a coci na koma gida. Ko ruwa ban sha ba Mama ta miƙo mini wayarta.

"Duba mini, wayan nan ya lalace. Na kai caji, na sa kati, amma ya yi shiru."

Na ce wayar lafiyarta ƙalau, ni ce na hana mutanen nan kira. Na shiga yi mata bayanin haƙƙinta tiryan-tiryan, kamar ina gaban allo. Ta saurara har na gama, tana juya wayar a tafin hannu.

"To sun same shi ne, ko sun gaji?"

Lauyan ya yi gaskiya, zagin tsohuwa ba daidai ba ne, ko gobe ba zan yarda da shi ba. Amma muddin wayar nan tana ƙara, Mama ta san akwai wani a duniya da ya tabbata ɗanta yana da rai, har yake ɓata katinsa a kansa. Mu 'yan gida mun daina ambaton sunansa a gabanta don kada ta yi kuka.

Da zan tafi ta raka ni bakin hanya, inda ake jiran mashin.

"In kina da lamban yaron, ki ba ni. Ni zan kira shi."

Na ce zan duba. Lambar tana nan cikin waɗanda na toshe. Har yau ban ba ta ba, ban kuma iya goge ta ba.